Dusar ƙanƙara a ɗakin masu ƙuna

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san wahalar ba ta ƙarewa ranar da wuta ta ci mutum. Kowace safiya tana dawowa, sa'ad da malamin jinya zai kwance bandeji, ya wanke gyambon, ya cire matacciyar fata. Ko an yi allurar kashe zafi, sau da yawa ba ta isa.

Wannan sa'ar ce ta dami Hunter Hoffman da David Patterson, malaman Jami'ar Washington da ke Siyatil a Amurka. Tun 1996 suka fara gwada wani tabarau da ke rufe ganin majinyaci, ya jefa shi cikin duniyar kwaikwayo ta kwamfuta. A 2000 suka buga sakamakon farko kan samari 2 da suka ƙone. Daga baya suka gina SnowWorld, wani kwazazzabo na ƙanƙara inda majinyaci ke jifan mutum-mutumi da curin dusar ƙanƙara, alhali ana wanke masa ciwo. Hujjarsu mai sauƙi ce: hankalin ɗan Adam yana da iyaka, zafi kuwa sai ya samu hankali yake cika. Kakar da ke jan jikanta da tatsuniya tana cire masa ƙaya ta riga su sanin wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka lura da jikin mai ciwon. Wanda fuskarsa ta ƙone ba ya iya ɗaura komai a ka, sai suka ƙera hannun ƙarfe da ke riƙe tabarau ɗin dab da idonsa, ba tare da ya taɓa fatar ba. Wanda ake wankewa cikin bahon ruwa kuma suka yi masa wanda lantarki ba ya kusantarsa. Tafiyar cikin hoton ma a hankali take, domin gudu na kawo jiri da tashin zuciya, kuma ba a ƙara wa mai ƙuna amai.

A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan na'ura don ciwon baya mai daɗewa. Madalla, amma ni hankalina yana kan yaranmu da ke faɗawa wutar jin ɗumi lokacin hunturu. In na'urar ta iso Maraɗi ko Damagaram, tana bukatar caji, da abin goge ta tsakanin majinyaci da majinyaci, da murya mai Hausa. Sannan hoton kansa. An zaɓi ƙanƙara ne don ita ce kishiyar wuta a tunanin ɗan Siyatil. Yaron Tawa bai taɓa ganin dusarta ba. Sanyin da ya sani na ruwan randa ne, da inuwar tsamiya, da tabki bayan ruwan farko. Masu zane da masu tatsuniya da za su gina masa wannan suna nan cikin ƙungiyoyinmu, kuma su ya kamata likitoci su fara nema.