Rimin da Na Tarar a Panama

Ba zan ɓata baki kan jirgin sama ba. Masaukin da na kwana a birnin Panama ma, fanka ta mutu, sauro ya yi walima da ni. Da asuba na kama hanyar Gamboa, muka shiga kwalekwale mai inji zuwa tsibirin Barro Kolorado. A da tsauni ne, sai da aka datse kogin Chagres don mashigin ruwan Panama, ruwa ya kewaye shi.

Wani dattijo mai aikin daji ya karɓe ni. Ya ɗaure min bakin wando da salatif saboda kaska, ya cika min faranti da shinkafa da wake. Abincin ba laifi, amma ko ƙwayar yaji babu. Na yi kewar ƙuliƙuli.

A tsibirin akwai fili mai hekta 50 da aka keɓe don bincike tun 1980. Duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1 an rataya masa lamba, kamar shanun gwamnati. Wahalar gane nau'insu ita ce, yawancinsu ba fure ba 'ya'ya, ganyen kuma duk kama ɗaya. Shi ya sa ake yankar ɗan ganye, a busar cikin garin silika, a karanta gutsure biyu ko uku na DNA ɗinsa, irin su rbcL da matK, a gwada da na rumbun ajiya. Tamkar zanen layukan jikin kwali da ake haskawa a kanti. A 2009 wani masani John Kress da abokan aikinsa suka yi wa kusan nau'i 300 na filin haka. Na ce a raina, 'yar mai ganye ta kasuwar Kurmi da hanci take nata aikin, ba ta jiran na'ura.

Muna cikin zagaya daji da dattijon, sai ga wani ƙaton itace mai faffadan gindi. Na tsaya cak.

"Baba, ai wannan rimi ne! Namu ne!"

Ya yi dariya, ya ce su seiba suke ce masa. Wata ɗaliba ta ƙara min da cewa binciken DNA na 2007 ya nuna asalinsa nahiyar Amurka ne, tekun Atlantika ya ƙetaro zuwa Afirka. Rimin Zariya baƙo? Na yi musu har muka koma masauki, ba don ina da hujja ba.

Sauran kwanakin ruwan sama ne, da kukan birai, da sosa cizon kaska.