Littafin 'Yan Ƙaramar Waya

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Saƙo daga babban zauren WhatsApp tun asuba. Adimin uku sun zauna a Jega sun yanke: ƙananan zauruka sun yi yawa, za a tattara su ƙarƙashin inuwa ɗaya, wanda ba shi da dalilin zama a rufe shi. Kowane ɓangare ya kawo tarihinsa a rubuce. Ƙuri'a ranar 2 ga Fabrairu.

Namu ya faɗo kaina, wai ni ke riƙe da littafin maki.

Na zaro shi daga ƙarƙashin katifa. Littafin 'yan makaranta, bango ya sha manja. Shafin farko: Maris 2023. Kafin nan babu komai. Wata tara babu ko layi ɗaya.

Litinin, 20

Fadama tun safe, ciran albasa. Baya kamar zai karye.

Da dare wajen mai shayi, rediyo: hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data, har kashi 50 cikin ɗari. Zaurenmu ya yi tsit kusan awa guda, sannan saƙonnin murya suka fara zubowa. Wani daga Sambawa ya ce ba sai an kaɗa ƙuri'a ba, an riga an rufe mu daga Abuja. Na yi dariya ni kaɗai. Ba dariyar daɗi ba.

Talata, 21

Na fara da abin da babu gardama a kai.

Babban zaure ɗan korona ne. 2020, makarantu a rufe tun Maris, samari zube a gari. Wani gidan gem a Jega, inda ake layin PlayStation, shi ne mafari. Da aka hana cunkoso sai suka koma waya, PES ta hannu. A lokacin WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, saboda haka shiga sai wani ya fita. Ni ɗan kawuna ya yi min hanya, na jira sati uku kamar mai neman aikin gwamnati. Ranar da aka saka ni na yi sallama, mutum biyu suka amsa.

'Yan Jega ke da bakin magana. 'Yan Aliero ke da Turanci, saboda jami'a. Mu na Gumbin Kure da sauran ƙauyukan Maiyama, cika lamba.

Wannan jimlar ta ƙarshe ba za ta shiga takardar da zan aika ba.

Gidan kallo: Benfica da Barcelona. Na fito ana 4 da 2, sanyi ya kore ni.

Laraba, 22

Ashe 5 da 4 aka tashi, Barcelona ta ci. Ni ke nan kullum.

Hazo ya rufe gari. Sabis babu a cikin gida, sai kan tudun bayan makaranta. Ban je ba.

Alhamis, 23

Yau na rubuta rabuwar. Ta fi abin da na zata nauyi.

2 ga Yuni, 2022. ASUU na yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, 'yan jami'ar Sakkwato da na Zariya duk suna gida, wasa ya yi zafi fiye da kowane lokaci. A ranar PES ta waya ta tashi daga aiki, eFootball ta maye gurbinta. Sabon ya fi kyau, wannan gaskiya ne. Ya kuma fi nauyi.

Mu shida a shagon mai caji, kan benci ɗaya, mun sayi datar dare. Janareto na ta ƙugi a bayan shago. Tun sha biyu muke kallon layin nan yana rarrafe. Wajen uku da rabi tawa ta gama. Na danna. Baƙi ƙirin, sai zafi, har na ɗora ta kan tulun ruwa ta huce. Na sake dannawa, ta fitar da ni. Ta mai caji ma ba ta yarda ta sauke ba tun farko. A cikinmu shida waya ɗaya ta buɗe, ita ma 'yan wasan na tafiya kamar masu ratsa taɓo. Ladan ya kira assalatu muna zaune, babu mai kallon wani.

Da safe babban zaure cike da hotunan sababbin 'yan wasa. Kyaftin ɗinmu ya rubuta cikin ladabi: ko za a yi wa waɗanda wayarsu ba ta ɗauka wata gasa daban? Amsar da wani adimin ya bayar har yau ina iya karanto ta da ka: wanda wayarsa ta gaza ya sayar da akuya. Aka bi shi da fuskokin dariya sun fi arba'in. Daga ranar sunan ya bi mu, 'yan ƙaramar waya.

Kyaftin bai ce uffan ba. Da la'asar ya zo ƙarƙashin dogonyaro da tsohuwar Dream League ta 2019, ya tura mana ta Xender ɗaya bayan ɗaya. Ba ta cin data. Wani ya kunna hotsifot, abokin karawa ya haɗa, sai wasa. Amma dole ku zauna kusa, gwiwa na gugar gwiwa. Wanda ya ci ƙwallo yana jin numfashin wanda aka ci.

Na daɗe ban tuna wannan ba. Yanzu ta lamba muke haɗuwa, kowa daga ɗakinsa.

Juma'a, 24

Rigima. Na tambayi ranar da aka buɗe zaurenmu kansa. Mai caji ya rantse washegari ne, 3 ga Yuni. Wani ɗalibin Aliero ya ce a'a, sai bayan Babbar Sallah, wadda aka yi 9 ga Yuli, domin da kuɗin fatun layya ya sayi wayar da ya shiga da ita, kuma shi ne na takwas. Wani ya ce ma ba Kyaftin ya buɗe ba, shawara kawai ya bayar.

Na duba bayanin zaure. Fabrairu 2023. Wannan na biyu ne, na farkon ya tafi da layin da aka sace. Shaida ɗaya ta rage: tsohuwar wayar Kyaftin, wadda gilashinta ya mutu kafin ya bi motar albasa zuwa Legas.

Na sake tura masa saƙo. Alama ɗaya. Tun Oktoba alama ɗaya.

Asabar, 25

Gidan su Kyaftin bayan la'asar. Na daɗe a ƙofa kafin na yi sallama.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Ya mutan gida? Ya sanyi?"

Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta tambayi dalili ba. Ta shiga ɗaki, na ji ƙarar kwanuka, ta fito da wayar a ƙulle cikin leda biyu, daga cikin kwallar da take ajiye kayan aurenta. Ta miƙo da hannu biyu.

"In ka same shi a ciki, ka ce ya kira ni."

Ban san abin da na amsa ba.

Lahadi, 26

Kabu-kabu zuwa bakin titi, mota zuwa Jega. Kuɗin mota ya cinye rabin abin da na ware.

Mai gyara ya juya ta, ya hura, ya ce irin gilashin nan ya ƙare a kasuwa, sai dai a aiko daga Farm Centre ta Kano. Laraba, in Allah ya yarda. Na ba da rabi.

Litinin, 27

Dokokinmu. Na kwafo su daga bayan littafi, na sa wa kowace ranar da ta haife ta, sai na ga abin da ban taɓa lura ba.

In sabis ya yanke, a ɗora daga inda maki yake, ba a sake daga farko. Wannan tun kafin littafi. A babban zaure wanda ya yanke an ci shi uku da nema. A wurinmu da an bi haka da mai gidan da ke kusa da tudu ne zai riƙa ɗaukar kofi kowace shekara.

Kyauta kati ce, ba kuɗi ba. Fabrairu 2023, lokacin canjin kuɗi, ranar da wanda ya ci kofi ya yi kwana huɗu yana zarya wajen mai POS a kan dubu biyu.

Wasa da rana, ba da dare ba. Bayan 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai. Kuɗin caji ya ninka, mai caji ya jingine janareto ya koma sola, wayoyi suka koma cika da azahar suna mutuwa da isha'i.

Ba a cire mutum don ya yi shiru sai an aika gidansu. Ƙarshen Yulin 2024, da aka toshe layukan da ba a haɗa da NIN ba. Bakwai suka ɓace mana rana ɗaya, huɗu suka dawo.

Akwai kuma wasan ƙarshe na 14 ga Maris, 2024, cikin azumi, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse can gaɓar Afirka ta Yamma. Mu nan muna zargin hazo da mai caji. Sai bayan kwana biyu muka ji a rediyo. Teku, wanda a cikinmu Kyaftin kaɗai ya taɓa gani.

Ba a wasa tsakanin magariba da isha'i. Wannan ba ta da rana, Baba ne ya kafa ta da sanda.

To wannan tarihi ne, ko jerin abubuwan da suka yanke mu?

Talata, 28

Injin ban ruwa ya ƙi tashi. Wuni guda a kansa. Ban taɓa biro ba.

Laraba, 29

Gilashi bai iso ba. Juma'a.

Gidan kallo a Jega tunda na riga na zo. Wasa 18 lokaci guda a gasar zakarun Turai, talabijin uku, kowa na ihun a canza. Ɗaya daga cikin adimin ɗin ya matsa min wuri a bencinsa. Ba mai maganar akuya ba. Ya saya min ruwan leda. Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, mutanenku nawa ne har yanzu ke da ƙaramar waya? Zaure yanzu yana ɗaukar 1,024. Wuri ya ishi kowa. Mene ne na zama a rakuɓe?"

Na ce zan duba.

Na duba a mota. Mu 41. Aƙalla 23 suna buga eFootball yanzu, ina ganin sunayensu a teburin can. Ni ma ina bugawa a wayar Yaya in ya yi barci. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wataƙila yana da gaskiya. Haushi.

Alhamis, 30

Yaron maƙwabta, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, ya tsaya bakin ƙofa yana murza wayar uwarsa. Bayanta ɗaure da robar kuɗi.

"Yaya, wai ku ne kuke karɓar irin wannan?"

Na ce kawo. Wuri ya cika da wa'azi da waƙoƙin biki, sai da muka je ta zaɓi waɗanda za a goge. Tsohuwar ta 2019 na tura masa, ita kaɗai za ta zauna. Muka zauna kan dakali, gwiwa da gwiwa. Ya ci ni 2 da 1, ya rufe baki da hannu don kada ya yi dariya a gaban babba.

Na rubuta shi na 42. Ban tambayi kowa ba.

Yau na ji sauƙi.

Juma'a, 31

Wayar Kyaftin ta kunna.

Sai ta nemi zanen buɗewa. Ɗigo tara. Na gwada harafin farkon sunansa, na gwada L, na gwada Z. Ta ce in jira daƙiƙa 30. Mai gyara ya ce zai iya buɗe ta cikin minti goma, amma komai zai tafi. Na ce kada ya taɓa.

A bayan ɗigon akwai hoto. Mu shida ƙarƙashin dogonyaro, kowa kai a sunkuye. Ƙasa jiƙe, ke nan damina ce. Yuni damina, Yuli damina. Ban ma san wanda ya ɗauka ba, tunda shi yana ciki.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na kai wa Inna ta ga hoton. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta daɗe. Ta ce ta sha ganin yatsansa yana yi, ta zana min a ƙasa da tsinke: sama, gefe, ƙasa. Na gwada ta fuska huɗu. Yanzu jiran ya ƙaru.

Ta ce in bar ta a wurina tukuna, ni ke da hanyar caji.

Da dare na aika tarihin. Shafi biyu da rabi. Na sa ranakun biyu duka, na ce a zaɓa. Maganar akuya na cire, na mayar, na sake cirewa. A ƙarshe ta tafi a ciki, ba suna.

Lahadi, 2

Arsenal 5, Man City 1. Babban zaure ya haukace, an manta da ƙuri'a sai wajen tara na dare aka saka.

Goma da rabi: a haɗe 61, a bar su 58. Cikin masu cewa a haɗe na ga namu tara. Mai caji na ciki. Ban kira shi ba.

Sha ɗaya saura sabis ya ɗauke. Mu 14 a nan garin ba mu jefa ba. Na bi gida-gida da tocila. Goma suka fito, cikin bargo, har da yaron, ko da yake shi ba ya cikin babban zaure, rakiya ce kawai. Kan tudu, hannuwa a sama, iska na yanka kunne. Sanda ɗaya, ta zo ta tafi. Tawa ta shiga sha biyu da minti shida. Na wasu na ta juyawa har muka sauko.

Litinin, 3

Ba a faɗi sakamako ba. Adimin na gardama a kan ko za a ƙirga na bayan sha biyu. Ɗaya ya ce doka doka ce. Na rubuta masa dokarmu ta farko, ban aika ba.

Saƙona ga Kyaftin, alama ɗaya.

Inna ta aiko yarinya da sassafe, wai ko ta buɗe. Na ce a ce mata tukuna. Wayar na kan taga, caji 34. Akwai wani zane da ya faɗo min cikin dare, ban gwada ba, ina tsoron ta ƙara kullewa.

Baba na kira. Buhuna ashirin za a ɗinke kafin motar Aliero ta zo.