Bakin 'Yan Rake da Littattafan Shu'aibu Makarfi

'Yan'uwa ɗalibai da malamaina, bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni mutumin Taba ne ta ƙasar Kudan, mahaifina kuwa dillalin rake ne. Tun ina ƙarami nake bin sa kasuwar Makarfi, inda 'yan dako da direbobi da masu mazarƙwaila kan wuni suna ba'a da habaici, wannan ya jefa magana, wancan ya cafe tun ba ta faɗi ƙasa ba. Amma da na shigo jami'a sai na soma jin kunyar wannan baki. Ran da Baba ya kawo mini ziyara, ya shiga zolayar abokaina yadda ya saba, sai na ja shi gefe na ce, "Baba, nan fa ba kasuwa ba ce." Ya dube ni, ya yi murmushi, bai ce uffan ba.

Littafi ne ya warkar da ni daga wannan cuta. A darasin wasan kwaikwayo aka ba mu Jatau Na Kyallu na Malam Shu'aibu Makarfi, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1970, watau labarin attajirin da ya ƙi jin shawara ya auri karuwa, ita kuwa ta kai shi ta baro. Daga nan na nemo Zamanin Nan Namu na 1959. Akwai wa'azi a cikinsu ba shakka, amma abin da ya riƙe ni shi ne yadda mutanen ciki ke magana: gatse, da zambo, da baƙar magana, sak irin wadda na tashi ina ji a gindin motar rake. Na yi dariya har da hawaye, sa'an nan jikina ya yi sanyi. Ashe muryar da na hana Baba ita ce wani maƙwabcinmu ya ɗora a takarda, har muna rubuta jarrabawa a kanta!

Ba mu kaɗai ke da wannan raini ba. A gabashin birnin Landan akwai talakawa 'yan ƙwadago da ake kira Kokni, masu karin harshe nasu wanda manyan Ingila suka daɗe suna yi wa kallon banza. Da Charles Dickens ya fara fitar da labarinsa na ban dariya, Pickwick Papers, kashi-kashi a 1836, ciniki bai kankama ba sai da ya shigo da Sam Weller, wani mai goge takalma mai irin wannan baki, a kashi na huɗu. Daga nan kasuwa ta buɗe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Malam Shu'aibu ya sami masu buga masa a Zariya. Mu fa? Marubutan Kano sun nuna mana cewa mutum na iya zama marubuci kuma mai buga littafinsa, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Sai dai soyayya ce ta fi cin wannan kasuwa. Ɗan dako da mai shayi da yaron mota suna nan suna jiran mai rubuta su, kuma duk dattijon da ya kwanta dama a tasha, da salon maganarsa yake tafiya. In mu 'yan Sashen Hausa ba mu yi ba, wa zai yi?

Hutun da ya wuce na koma gida da littafin rubutu, na zauna kusa da Baba a kasuwa ina kwashe abin da ke fita daga bakinsu. Da na ba shi haƙuri, na gaya masa dalili, sai ya ce, "Af, ɗan boko, ashe kasuwar ta bi ka har makaranta?" 'Yan dako suka fashe da dariya. Ita ma na rubuta ta.

Allah ya sa mu gane darajar namu, amin.