Gadar Maƙwabcinmu

Ya kai mai karatu, kafin mu yi nisa, bari in jawo hankalinka ga wata kalma. A rubuce, gadar da ake ƙetare kogi a kanta da gadar da ke kiwo a daji duk iri ɗaya ne, amma a baki sautinsu ya bambanta. Ta farko ita ce irin wadda aka kammala a Anacha a shekarar 1965, wadda ta haɗa garin da Asaba. Ta biyu kuwa wata 'yar dabba ce mai kama da akuya, mai gajerun ƙaho da saurin gudu. Labarin ta biyun zan ba ka, domin a kanta na fara koyon yadda ake gyara naman daji da yadda ake dafa shi.

An haife ni a unguwar Hausawa ta Enugu, inda mahaifina yake sana'ar fawa. Kada ka yi mamakin jin Bahaushe a wannan yanki, don zaman ya daɗe. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 wasu maharba Hausawa suka bi sawun giwaye har ƙasar Elele, arewa da inda Fatakwal take a yau, suka zauna a can. Da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Fatakwal da Enugu a 1916 saboda jigilar kwal, sai fatake da mahauta da masu shanu suka ƙaru. Ka ga ke nan farauta tana cikin abubuwan da suka fara kawo kakanninmu kudu.

A bayan gidanmu akwai wani dattijo Ibo da kowa ke kira Mazi, wato laƙabin girmamawa a harshensu. Manomi ne, kuma yakan ɗana tarko a gonarsa da ke bayan gari. Sau da yawa yakan aiko mana da naman abin da ya kama, Baba ya yi godiya, sa'an nan ya mayar da shi cikin ladabi. Wannan abu ya dami Mazi, har wata rana ya zo da kansa ya ce, "Malam, na yi maka laifi ne da ba ka cin kyautata?" Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce, "Ko kusa, maƙwabci. Addinina ne ya hana ni cin dabbar da ta mutu a cikin tarko ba tare da an yanka ta ba. Mu mushe muke kiranta. Da za ta iso da ranta, da na ci har na siɗe hannu."

Bayan kamar wata biyu, ina ɗan shekara goma sha biyu a lokacin, muka ji ana buga ƙofa da asuba. Mazi ne, gumi ya jiƙe masa riga, ga gada ɗaure a bayan kekensa tana numfashi sama-sama. Tun daga gona ya turo keken da ƙafa don kada girgiza ta ƙarasa ta. Da ya kashe ta a can, da aikin ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, amma ya zaɓi wahala don gidaje biyu su ci daga tukunya ɗaya.

Abin da Baba ya fara yi shi ne duba dabbar. Ya buɗe idanunta, ya leƙa bakinta, ya shafa cikinta. Ya ce mini dabbar da ta rame ƙwarai, ko take zubar da majina, ko aka tsince ta a mace, ba a taɓa ta, balle a ci. In kuma mace ce mai ciki, a sake ta ya fi, don wanda ya yanka mai ciki ya yanka naman baɗi. Tamu namiji ce, lafiyayya, ƙafa ɗaya kawai tarko ya raunata. Sai Baba ya wasa wuƙa a inda dabbar ba ta gani, ya fuskantar da ita alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka da sauri. Muka rataye ta jini ya tsane.

Nan aka yi 'yar shawara. Mu mun saba da fiɗa, wato cire fata gaba ɗaya, sai kai da ƙafafu kaɗai muke babbakewa. Mutanen Mazi kuwa sun fi son a babbake dukan dabbar, a ci naman da fatarsa. Baba ya ce mai dabba shi ke da zaɓi. Muka hura wutar busasshiyar ciyawa da ƙirare, muna juya gadar har gashin ya ƙone, muka kankare da wuƙa, muka wanke. Ka lura da wannan da kyau: ba a babbaka da tsohuwar taya ko roba, ko da ka ga wasu na yi, domin hayaƙinsu guba ne da ke shiga cikin nama. Daga nan Baba ya yanke wasu 'yan ƙulli biyu da ke ƙarƙashin idanun gada ya yar, ya ce da su take shafa wa itatuwa warinta, in an bar su za su ɓata romo.

Da aka zo farke ciki, sai na roƙi Baba ya ba ni wuƙa, don ina so Mazi ya ga cewa ni ma ɗan mahauci ne. Ya miƙo mini, ya ce in sa yatsu biyu a ƙarƙashin fata in bi a hankali, bakin wuƙa yana kallon sama. Da farko na bi umarni. Amma da na ga yara sun taru suna kallona, sai na ƙara sauri, wuƙa ta zarce ta huda hanji. Ƙazanta ta kwarara a kan hanta da wani sashe na cinya. Ashe hantar nan Mazi ya riga ya ce a ware masa ita, zai kai wa tsohuwarsa da ba ta da haƙoran tauna nama.

Mazi ya tafi ɗebo ruwa a lokacin, saboda haka bai gani ba. Na ce wa Baba a hankali, "Baba, mu wanke kawai, ai ba zai sani ba." Bai daka mini tsawa ba. Ya dube ni ya ce, "Mutumin da ya turo keke tun daga gona don kada mu ci abin da ba mu yarda da shi ba, shi za mu ba abin da bai sani ba?" Ya yanke duk inda ƙazantar ta taɓa ya binne, ya ce in je in faɗa wa Mazi da bakina. Na je ƙafafuna na rawa. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya dafa kaina ya ce wuƙar da ba ta taɓa kuskure ba, ba ta taɓa aiki ba. Da yamma Baba ya aike ni gidansa da hantar rago sukutum daga rumfarsa.

Aka raba naman biyu, Inna ta karɓi namu. Naman daji ba kamar na akuyar gida ba ne. Dabbar da ta yi rayuwarta tana gudu ba ta tara kitse, don haka namanta yana da tauri, yana kuma da ƙarni. Inna ta wanke shi da gishiri da lemon tsami, ta tafasa shi da citta da tafarnuwa na ɗan lokaci, ta zubar da ruwan farko. Sa'an nan ta sake ɗora shi da sabon ruwa, ta zuba albasa da attaruhu da masoro da kimba da kanumfari da daddawa, ta janye itace ta bar wuta kaɗan. Kusan awa biyu tukunya tana ɓararraka a hankali. Duk lokacin da na zo leƙe, sai ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ba ta sauke ba sai da naman ya fara rabuwa da ƙashi, babu sauran ja a cikinsa. A gidan Mazi kuma an yi farfesu da uziza da ehuru, kayan ƙamshin da suka saba da su. Muka aika musu da kwano, suka aiko mana da kwano.

Ragowar cinya kuwa banda aka yi da ita. A Kano ko Katsina, iskar hunturu takan busar da yankakken nama a rana, shi ya sa kilishi ya yi suna a can. A kudu iska tana da laima, naman da aka shanya yakan lalace kafin ya bushe. Don haka sai a ɗora shi a kan waya bisa garwashi da hayaƙi, ana juyawa har kwana biyu ko uku. Amma banda tana ɓoye kamannin dabba. Shekaru bayan haka, da na je wurin kawuna a unguwar Hausawa ta Anacha, na ga baƙin nama jere a kasuwa, ba ka iya bambance gada da biri. Kawu ya ce shi ba ya sayen naman da bai san wanda ya kama shi da wanda ya yanka shi ba.

Ban gane zurfin wannan taka-tsantsan ba sai a 2014, ina koyarwa a Fatakwal, lokacin da cutar Ibola ta ɓulla a Legas, daga baya ta iso garin. Ma'aikatan lafiya suka yi ta gargaɗi a kan taɓa jemage da biri da mushen daji, har zuwa ranar 20 ga Oktoba da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta ƙare a Nijeriya. Haka kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ɓera ne ke yaɗa shi. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Kanada da Alaska maharba suna cin naman wata ƙatuwar dabba mai gashi da ake kira beyar, wadda babu ita a dazukanmu. Namanta yakan ƙunshi wasu ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani, waɗanda hayaƙi ko ƙanƙara ba lalle su kashe su ba. Likitoci sun ce sai zafin tsakiyar naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Inna ba ta da ma'aunin zafi, amma ta san ba a sauke naman daji da sauran ja.

Akwai kuma haƙƙin dajin kansa. Wanda ya je Elele neman giwa a yau zai dawo hannu rabbana. Doka ta hana farauta a gandun daji irin na Yankari da ke Jihar Bauchi, ta kuma hana kama dabbobin da suke gab da ƙarewa, kamar ɗankunya. In ka ga irinsu a kasuwa, ka wuce, domin kuɗin mai saye ne ke mayar da maharbi daji.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, duk ranar da aka kawo naman daji gidanku, ka tambayi wace dabba ce da yadda ta mutu. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa ɗanyensa, ka bar shi a wuta har ya nuna sarai. In za ka ba wani, ka gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kwanon. Mazi da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, amma har yanzu in na je Enugu 'ya'yansa sukan tambaye ni ko na iya riƙe wuƙa, mu yi dariya, su aika a kira mahauci.