Ɗana, Ka Ji Labarin Caushesku

Ɗana, tunda Allah ya ɗora maka shugabancin mutane, bari in ba ka labarin Nikolai Caushesku na Romaniya. Ni dai ta rediyo na bi ƙarshensa a Disambar 1989, kuma har yau yana ba ni tsoro, domin bai fara a matsayin dodo ba.

Ɗan talaka ne, an haife shi a ƙauye a 1918. Yana yaro ya tafi Bukares koyon ɗinkin takalma, ya shiga jam'iyyar kwaminis, ya sha ɗauri. Ya hau mulki a 1965. Da sojojin Tarayyar Sobiyet suka afka wa Cekoslobakiya a 1968, fitowa ya yi a bainar jama'a ya la'anci mamayar, mutanensa suka so shi da zuciya ɗaya. A 1978 har keken doki ɗaya ya shiga da Sarauniyar Ingila.

Yabo ne ya ci shi. A 1971 ya ziyarci Sin da Koriya ta Arewa, ya ga yadda ake kambama shugaba, ya dawo yana son irinsa. 'Yan amshin shata suka yi masa caa. Matarsa Elena, wadda ba ta yi nisa a karatu ba, aka naɗa ta babbar masaniyar kimiyya. Mai faɗin gaskiya kuwa, 'yan leƙen asirin Sekuritate na biye da shi. Da ya ƙudura biyan bashin ƙasar gaba ɗaya, sai ya riƙa fitar da abinci waje, mata na bin layin burodi da madara tun kafin asuba, gidaje babu ɗumi a tsakiyar hunturu, shi kuma yana rushe unguwanni don gina katafariyar fada. In zai kai ziyara, sai a cika kantuna da kaya kafin ya iso, a kwashe bayan ya wuce.

Wannan na kantuna shi nake so ka riƙe. Duk mai muƙami ana yi masa haka, ko ƙarami ne. Na ga shugabannin ma'aikata da ba su san an yi wata uku ba a biya masu gadi ba, don wanda zai gaya musu ya san kujerarsa zai rasa.

Ran 21 ga Disambar 1989, bayan an harbe masu zanga-zanga a garin Timishowara, Caushesku ya tara jama'a don su tafa masa kamar kullum. Sai ihu ya tashi. Ya tsaya da hannu a sama, fuskarsa cike da mamaki, talabijin na nunawa. Kwana huɗu bayan nan sojojinsa suka harbe shi da matarsa.

Don Allah, ɗana, ka riƙa zagaya wurin aikinka ba da sanarwa ba. Wanda ya kawo maka labari mai ɗaci, ka yi masa godiya a gaban mutane, don sauran su gani.