Zuwa ga Auta, a Kan Shukar Nan Taka

Auta,

Ya sanyin Ingila, ya maman yara? Inna na gaishe ka, ta ce muryarka ta yi tsada.

Hoton shukar taka, hosta, ya iso. Tubarkalla, ganye faffaɗa, kore mai shuɗi-shuɗi, gefensa ruwan ƙwai. Sagae ka ce sunanta ko? Kai da ko yakuwar bayan ɗaki ba ka taɓa ba wa ruwa ba!

Batun aiko saiwarta a dasa a gindin mangwaron Baba, kada ka yi asarar kuɗinka. Ka manta aikin gona nake koyarwa? Asalin danginta Japan ne da Koriya da Sin. Duk shekara ganyenta kan mutu, saiwar ta kwanta makonni cikin sanyin da bai wuce digiri 5 ba, sannan ta tofo da ƙarfi. Hunturun Gaya kuwa iyakarsa ya fasa mana dunduniya. Bazara ta biyo da zafi sama da digiri 40, gefen ganyen mai haske shi zai fara ƙonewa.

Taka ta can, hantsi ya ishe ta, daga azahar sai inuwa. Ka bar mata fili sama da mita 1, ka yawaita taki, kada gindinta ya bushe. Ka riƙa dubawa da dare, katantanwa ce ke huda ganyen. Sai ta shekara 4 ko 5 take cika girma, don haka ka danne gaggawar nan taka ta cin tuwo da zafi.

Mu nan gwaza na sa, ganyenta ma ba baya ba wajen faɗi. Akwai kuma moɗa mai ratsi da na sayo wurin masu furanni a Kano. Duka a manyan tukwane suke, da yashin Wudil haɗe da taki, don saiwar mangwaro ba ta rage wa kowa ruwa. Akuyar Inna ce kawai ba mu daidaita ba.

Sallah nawa ke nan ba ka zo ba? In akwai abin aikowa Gaya, ƙafarka ce. Ka taho da yaran su ji Hausa a bakin kakarsu, kada kuma ka manta man zafin gwiwarta.

Allah ya tsare min kai.

Yayarka