Makullin gidana na Bouza

Yau ba farashin albasa na kawo muku ba. Labarin kaina ne, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗinsa.

Farkon shekarar 2024 aiki ya maido ni Madaoua da zama, ni da iyali. Ina da gida a Bouza, ɗaki biyu da ɗan zaure, ginin ƙasa da shafen siminti, wanda na yi shekara shida ina ɗorawa kaɗan-kaɗan. Zancen saidawa bai taso ba, don tsohuwata ta ce wanda ya saida gidansa na garinsu baƙo ne ranar salla. Sai na zauna na yi lissahi: in sa shi haya jika 15 a wata, in ci bashi in sayi ƙaramin gida a Madaoua, kuɗin hayar can su riƙa rage mini biyan bashin nan. Bisa takarda abin ya yi kyau ƙwarai.

Wajen saye ban yi sake ba ko kaɗan. Ban san mai gidan ba, dillali ne ya haɗa mu, kuma gidan na gado ne. Na ce sai na ga takardar filin da meri ta bayar, na tahi da ƙafata na tabbatar suna da lambar filin sun dace. Na ce kowane magaji sai ya sa hannu, har mata biyu da ke gidan aure. Wansu yana Abijan, munka kira shi ta WhatsApp gaban mai unguwa da shaidu, ya hurta da bakinsa ya yarda. Sati ukku muna wannan, har dillali ya fara kirana alƙali. Ban damu ba. Ni ne fa nake zama gaban makirfo ina tuna wa manoma cewa tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda muke cewa Kofo, don a riƙa rubuta saye da aro da jinginar gona kafin rigima ta taso.

To, wajen ba da nawa gidan fa? Kawuna ne ya zo da wani malamin lakwal da anka turo aiki Bouza. Ya ce mini: "Ɗana, ga Mushe, mutumen kirki ne, ba shi makulli." Munka sha shayi, anka shafa fatiha. Wallahi takardar da na rubuta tana cikin aljihuna, na kasa hiddo ta. Yaya zan miƙa wa baƙon kawu biro a gaban kawu? Kamar na ce ban yarda da shi ba ke nan. Na miƙa makulli biyun duka, na hau mota.

Wata huɗu ana biya daidai. Da anka yi bakansi, Mushe ya kulle gida ya tahi garinsu da makullan, kamar yadda kowane malami ke yi.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin da ake yi kafin ruwan fari. Ana hawa bisa a share indararo, a toshe tsaga, a ƙara yaɓe inda ya zaizaye. Bayan kowane babban ruwa kuma a ɗaga kai a dubi azara. Lokacin da nake ciki ina yin haka ba tare da na ɗauke shi aiki ba, shi ya sa bai shiga lissahina ba. Ni ina cewa mai kwana ciki zai duba. Shi yana cewa rufi na mai gida ne. Babu wanda ya faɗa wa wani.

Kun tuna daminar 2024. Cikin Agusta indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa, azara ta karye, rufin ɗaki guda ya zubo kan katifar Mushe da littattahansa. Alhamdu lillahi ba kowa ciki. A shekarar da mutane sunka rasa rayuka da gidaje a faɗin ƙasa, nawa ƙarami ne, na sani. Maƙwabci ne ya kira ni, kuma sai da munka ɓalle kwaɗo kafin mu shiga. Saboda ambaliya gwamnati ta ɗaga komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, shi ya sa ni da Mushe ba mu haɗu ido da ido ba sai ƙarshen watan.

Zaman bai yi daɗi ba. Ya ce in biya shi kayansa. Ya ce kuma watannin bakansi ba a biyan haya, haka ake yi inda ya baro. Na ce: "Mushe, gidan da makullinsa ke aljihunka ai kana cikinsa." Yau in na duba, kowa yana da tasa gaskiyar, don ba abin da munka yanke tun farko. Kawu ya ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Na yahe wata ukku, shi ya bar zancen katifa, gyara ya faɗo kaina. Ragin kuɗin siminti da anka yi cikin Oktoban nan ya ɗan taimaka, amma da na ce a sa kwano a huta, katako da kwano da ladan magini sun cinye fiye da hayar shekara guda. Bashi kuwa bai san damina ba. Babur ɗina na saida. In kun gan ni bayan ɗan kabu-kabu da sassafe za ni gidan rediyo, dalilin ke nan.

Abin da ya sa na hiddo wannan magana, ba ni kaɗai ba ne. A Adar gidaje nawa ne masu su ke Abijan, Libiya, Aljeriya ko Legas wajen bida? Masu haya a garuruwa irin Bouza da Keita kuwa galibi ma'aikata ne da anka turo, malamai sun fi yawa. Mai gida ba ya nan, ɗan haya kuma yana tahiya daidai lokacin da gida ya fi bukatar ido. Wata ukku na ruwa, gida a kulle.

Bana mun rubuta. Layi huɗu ne kawai: kuɗin wata, rabin haya a watannin bakansi, makulli guda wajen maƙwabci, da hawan rufi cikin watan Mayu a kan kuɗina. Mushe ya sa hannu bai ko ja ba. Ya yi dariya ya ce shi ma tun ranar farko ya so ya nemi takarda, kunyar kawu ta hana shi.

Kawun ne dai ya ƙi sa hannu a matsayin shaida. Ya ce shi bakinsa ne takardarsa, kuma har yanzu gaisuwarmu gajera ce. Maƙwabcin ya sa nasa. Shekaranjiya da anka yi ruwa da dare, kafin a kira asuba ya turo mini saƙon murya ya ce ya leƙa, ƙasa a bushe take.